Bilya Injiniya da Man Turawan Dagona

A Nguru babu wanda ya naɗa Bilya injiniya, shi ya naɗa kansa. Sana'arsa ta gaskiya sayar da kwaɗon ƙofa da batirin tocila ce a bakin kasuwa. Sai dai ya taɓa yin ɗan zama a Kaduna yana gadin ƙofar wani kamfanin haɗa motoci, kuma tun da ya dawo babu injin da ya ƙara tashi a gabansa bai faɗi ciwonsa ba. Ko injin niƙa ya ji, sai ya karkata kunne ya ce fistin ne. Mutane suka gaji da musu, suka bar masa sunan.

Abin da ya ɗaure wa wannan baki gindi shi ne motar da ya gada. Mahaifinsa, marigayi Alhaji Zubairu Mai Gyaɗa, mutumin Haɗeja ne da ya zauna a Nguru tun jirgin ƙasa na kwasar gyaɗa. Shi ya sayi wata baƙar Marsandi mai ƙaton ciki da dogon hanci, wadda gari ya sa wa suna Dattijuwa. A shekarun tamanin, lokacin da abin nan ya faru, Dattijuwa ta girmi rabin direbobin tasha, amma tana tafiya. Ba ta gudu, ba ta fushi, tana dai kai mutum inda za shi. Mai kula da ita tun ranar da aka kawo ta shi ne Babayo bakanike, tsoho mai saurin faɗa, wanda ke zuba mata baƙin mai mai kaurin nan da in ka laƙato da yatsa sai ya yi shawara kafin ya ɗiga.

To, sai matar Bilya, Asta, ta tafi gidan iyayenta a Gashuwa haihuwar fari. Ubanta, Alhaji Hamajoɗa, wanda iyalinsa ke kira Baffa, babban dillalin shanu ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda bai taɓa gane yadda aka yi surukinsa ke da baki har haka ba. Wata safiya ƙanen Asta, Bobboi, ya sauka a Nguru da shanun sayarwa da kuma albishir.

"Adda ta sauka lafiya, namiji," in ji Bobboi. "Baffa ya ce ka faɗa mini sunan da kake so, in ba direba ya kai masa yau, don ya san halinka."

"Wane hali?"

"Halin da ya sa ranar ɗaurin aurenka sai da aka aika nemanka, aka same ka a teburin mai shayi kana yi wa mutane bayanin kan jirgin ƙasa."

Bilya ya gyara hula. "Kai Bobboi, suna buhun gero ne da za a ba direba? Da bakina zan kai shi. Sai malamai sun zauna, jama'a sun cika ƙofar gida, sannan za a ji odar Dattijuwa. In fito, in sauke rago, in faɗi suna. Gashuwa za ta daɗe tana labari."

"To ga ragowar saƙon," in ji Bobboi. "Baffa ya ce ranar suna da hantsi za a yi addu'a. In hantsi ya ɗaga ba ka iso ba, yana da ragonsa a ɗaure. Zai yanka, ya sa wa yaron sunan da ya ga dama."

Sunan da Bilya ke ɓoyewa ba wani abin mamaki ba ne, Zubairu ne. Duk surutun mutumin nan, a wannan wuri ɗaya zuciyarsa gaskiya take faɗi. Yana son ubansa, yana kewarsa, kuma tun ranar da aka binne tsohon ya ƙudurta cewa ɗansa na fari zai ci sunansa, a motarsa kuma za a kai sunan. Da ya tsaya nan da babu labari. Amma Bilya bai iya tsayawa ba.

A lokacin akwai wasu Turawa da ke zuwa fadamar Dagona kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa. Direbansu kan shigo Nguru cefane, Bilya kuwa ya maƙale masa har ya ba shi rediyonsa mai kaset, direban kuma ya ba shi jarka biyu na man injin da Turawan ke zuba wa sabuwar motarsu. Ana gobe suna Bilya ya tuƙa Dattijuwa zuwa gindin darbejiyar da Babayo ke aiki, ya ajiye jarkokin a kan bonet, ya jira mutane suka taru.

"Baba Babayo, yau zamaninku ya ƙare," ya ce. "Naku man daga rami ake haƙo shi. Wannan kuwa a ɗakin kimiyya aka haɗa shi, sunansa sintetik. Ba ya ƙonewa, ba ya tsufa. Da irinsa jirgin sama ke tashi."

Babayo ya buɗe jarka, ya tsoma yatsa, ya ɗaga. Man ya zubo garai-garai kamar sabon man gyaɗa.

"Ɗan Alhaji, wannan ai shayi ne. A ina za ka zuba?"

"A inji, a giya, har aksul na baya. Ko'ina."

"Giya da aksul man giya suke sha, mai warin nan, ba man inji ba. Injin ma, gaskit ɗinta na kwali ne da igiya, sun bushe tun kana rarrafe. Baƙin dattin da ya daskare a jikinsu shi ne yaɓen da ya toshe ramukan. Ka kawo abu mai tsinkewa haka, zai wanke yaɓen ya nemi hanya."

"Kun ji ko, jama'a? Datti yake yabo! Shekara da shekaru kuna ciyar da motar ubana datti. Yau wankin ciki zan yi mata da kananzir."

"Da kananzir?" Babayo ya jefar da sifana. "Ɗauke ta daga gindin bishiyata! Kada a ce a wurina aka kashe ta. Amma wallahi gobe sai na bi motar fasinja zuwa Gashuwa, in ga shigowar jirgin saman nan da idona."

A ƙofar gidansa Bilya ya yi aikin, maƙwabta na zaune a kan dakali suna kallo. Ya tsiyaye tsohon man, ya ɗura kananzir, ya tayar da inji, ya sake tsiyayewa. Abin da ya fito baƙi ƙirin ne, guda-guda, ya tara a tsohon kwano yana zagayawa da shi yana nuna wa kowa. Sannan ya ce bismilla ya ɗura sabon mai a duk ramin da ya samu. A faɗi gaskiya, da ya murɗa makulli injin ya yi wata irin lafiyayyar murya da ba a taɓa ji ba, har wani maƙwabci ya ce ashe Injiniyan nan ya san abin da yake yi. Man ba shi da laifi, a motar Turawan lafiya lau yake aiki. Sai dai kafin la'asar wani ya nuna ƙasan motar ya ce yana ganin ɗigo.

"Gumi take yi," in ji Bilya. "Duk wanda ya sha magani mai ƙarfi sai ya yi gumi."

Bobboi ya ce, "Mijin Adda, mu kama hanya yanzu mu kwana can."

"In shiga Gashuwa babu ɗan kallo? Gobe bayan asuba. Da man nan, kafin ka gama ɓare goro mun isa."

Da gari ya waye gumin ya zama kududdufi. Bilya ya tura masa yashi da ƙafa yana waige-waige, ya ƙara mai daga jarka ta biyu, aka yi lodi. Bobboi ya zauna gaba. A baya aka sa yayar Bilya, Yaya Talatu, mace mai ƙiba da ciwon gwiwa, ta rungume kayan barka: goro, daddawa, ƙullin garin busasshiyar kuɓewa, da kwalaben man shanu da ta yi wata tana tarawa don miyar suna. Kusa da ita aka cusa farin rago, wanda tun kafin a tashi ya fara cin bayan kujera.

Maimakon ya miƙe hanya, sai da Bilya ya zagaya ta tasha yana danna oda yana ɗaga hannu. Duk inda Dattijuwa ta bi tana barin layin mai a ƙasa. Wani mai burodi a kan keke ya taka layin a kwana, ya sulale, burodi ya watse.

"Allah ya isa, Injiniya!"

"Ka ga santsi ko?" Bilya ya leƙo ta taga. "Haka yake yi a cikin inji!"

Sun bar gari ke nan aksul na baya ya fara wani irin kuka, siriri da farko, sannan ya buɗe murya. Rago ya ji, ya amsa. Aksul ya ƙara, rago ya ƙara.

"Bilya, mene ne wannan?" in ji Yaya Talatu.

"Sabo take yi, Yaya. Haƙoran ƙarfen ne ke gaisawa da sabon mai."

"In gaisuwa ce, ta ta'aziyya ce."

Can sai giya ta fara fita da kanta. Ya sa, ta fito. Ya sa, ta fito. Ya umarci Bobboi ya riƙe sandar giyar da hannu biyu ya danne.

"Ni da na zo albishir, yau na zama ƙaramin direba," in ji Bobboi. "Ko bijimi ban taɓa riƙewa haka ba."

Daga nan mai ya malalo kan kuloci. Bilya na taka totur, inji na ruri kamar zai tsage, mota kuwa na tafiya a tsanake. Wani tsoho a kan jaki ya jero da su, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali da ta rago, ya yi musu fatan sauka lafiya, ya wuce. Ba su sake ganin ko jelar jakin ba.

Kusa da Jajimaji jar fitila ta kama a gaban direba. Bilya ya ce wayar ce ta taɓa. Da hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙafar Bobboi, dole ya tsaya. Ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya zaro. A bushe take.

"Injiniya," in ji Bobboi, "dubi rana. Ka faɗa mini sunan, in tari mota in wuce da rago. Kai ka taho a hankali da jirginka."

"Sunan ɗana ba zai hau motar haya ba."

Ya tuɓe babbar riga, ya aiki Bobboi ya ɓanɓaro masa ƙaro daga bishiyoyin bakin hanya, ya karɓi sabulun wankan Yaya Talatu, ya tauna ƙaron ya cuɗa da sabulu, ya shige ƙarƙashin mota yana liƙe duk inda ya ga danshi. In ya toshe nan sai can ya ɓulle. Yana cikin haka motar fasinja daga Nguru ta tsaya a gefensu, cike da mutane har kan rufi. Babayo ya sauko daga gaba da galan a hannunsa.

"Sannu da tashi sama," ya ce da ƙafafun da ke leƙe daga ƙarƙashin motar. "Fito. Ga man ubanka na zo da shi, ga man giya. Ba don kai ba, don marigayi. Mu zuba, za ta ɗiga, amma za ta kai ka."

Nan fa Allah ya kawo wa Bilya mafita har gabansa. Ya fito, fuska duk mai, ya dubi galan, ya kuma dubi fasinjojin da suka zuba masa ido ta kowace taga, yawancinsu mutanen da jiya ya nuna wa kwanon datti.

"Wa ya ce maka lalacewa ta yi? Dubawa nake yi. Injiniya yakan tsaya ya duba."

"Bilya, don girman Allah ka karɓa," in ji Yaya Talatu.

"Yaya, ba a haɗa sintetik da man rami. In suka haɗu inji fashewa yake yi."

"Wa ya gaya maka?" in ji Babayo.

"Ba sai an gaya mini ba."

Direban fasinja ya danna oda. Bobboi ya ce, "To ga mota, ba ni sunan." Bilya ya kau da kai yana goge sitiyari da hula. Babayo ya tofar da yawu, ya koma da galan ɗinsa, motar ta tashi fasinja na ta dariya. Bobboi ya so ya bi su, sai ya tuna in ya saki sandar giya babu mai riƙewa, kuma Baffa zai tambaye shi inda ya baro surukinsa.

Da ƙura ta lafa Bilya ya girgiza jarka ta biyu. Abin da ya rage bai fi cikin moɗa ba. Sai idonsa ya faɗa kan kayan da Yaya Talatu ta rungume.

"Yaya, in miya ta tsinke, me kike yi mata?"

"A ƙara kaɗi mana. Me ya kawo maganar miya?"

"Shi ke nan! Man nan ba abin da ya rasa sai kauri. Me ya fi kuɓewa kauri da yauƙi? Shi kuma man shanu, ai mai ne. Turawan ma da sun san kuɓewa da sun sa."

"Ka taɓa mini kayan barka sai na karya maka hannu!"

Aka yi ta ja-in-ja ta tagar mota, ita da ƙulli, shi da ƙulli, rago ya samu sarari ya tura kai cikin goro. Da Yaya Talatu ta juya ta ceci goro, Bilya ya fizge kuɓewar da kwalaben. Ya cire murfin taya ya mayar da shi kwano, ya juye man shanu da ragowar man Turawa, ya barbaɗa garin kuɓewa, ya karyo tsinke ya shiga kaɗawa. Wasu mata masu tallar nono suka tsaya suna kallo.

"Wushe, Malam," in ji ɗaya, tana gaishe shi da Barbarci. "Babu daddawa?"

"Akwai," in ji Bobboi, "sai in ta nemi ƙari."

Bilya ya ɗura haɗin a inji har da suɗe murfin da yatsa. Ya shiga ya murɗa makulli. Abin haushi, Dattijuwa ta tashi. Jar fitilar ma ta ɗan yi ƙyafta ta mutu.

"Allahu akbar! Bobboi, ka zama shaida. A nan, a Jajimaji, aka ƙirƙiro shi. Sai Turawa sun zo har Nguru neman sirrin nan, ni kuwa ba zan faɗa ba."

Suka ci gaba, aksul na kuka, rago na amsawa, Bobboi na danne da giya, Yaya Talatu na jera wa ƙanenta Allah ya isa ɗaya bayan ɗaya. Da inji ya yi zafi sai ƙamshi ya tashi, ƙamshin soyayyen man shanu da kuɓewa, ya cika mota ya bi hanya. Masu noma suka ɗago kai. Karnukan wani ƙauye suka biyo su a guje, kuma ba su sha wahalar cim musu ba. Wani mai keke ya jero da taga ya tambaya ko a ina ake walimar. Bilya na amsa gaisuwa da hannu ɗaya.

Suna hango rufin kwanon gidajen Gashuwa ƙamshin ya koma ƙauri, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Hayaƙi ya turnuƙe cikin motar har farin rago ya koma ruwan toka. Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga gaba, sannan wata ƙara guda mai nauyi. Dattijuwa ta yi jijjiga ta tsaya. Bilya ya murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba.

"Injin ya buga," in ji Bobboi, ya saki giya yana miƙe yatsu. "Miya ta ƙone. Mijin Adda, hantsi ya ɗaga. Sauka mu ja rago mu taka, gida ba nisa."

"In shiga garin surukaina a ƙasa, ina jan rago kamar mahauci?"

Allah ya sa ga amalanken shanu ya fito daga gona, mai korar kuwa makiyayin Alhaji Hamajoɗa ne. Bobboi ya tsayar da shi, aka kwance bijiman biyu, aka ɗaura igiya a hancin Marsandi. Haka suka shiga Gashuwa, shanu a gaba, karnuka a baya, Bilya a kan sitiyari ya mayar da babbar riga a kan jikin da ya yi baƙi, yana ba da hannu in za a yi kwana. Masu shaguna suka fito. Wani ya tambaya ko sabon samfuri ne mai cin dusa.

Da suka iso kwanar layin gidan, ana hango taron: tabarmi, malamai, fararen riguna, Alhaji Hamajoɗa a tsakiya. Tsohon ya yi haƙuri fiye da yadda ya yi alkawari, don Babayo ya riga ya iso ya ba da labari, shi kuma ya ce a ɗan ƙara jira. Amma rana ta take, malamai sun fara duban sama, an riga an kwanto ragon gida.

"Tsaya!" in ji Bilya. "A kwance igiyar nan. Daga nan da kanta za ta shiga."

"Da wane injin?" in ji Bobboi.

"Akwai gangara. Ku ɗan tura ta ta baya, ku sunkuya kada a gan ku."

"Babu gangara a layin nan tun da aka kafa Gashuwa! Ga limami can ya gyara zama. Sauka ka ruga!"

"Injiniya ba ya ruga wa taro. Kwance igiya."

Aka kwance. Makiyayi ya ja shanunsa gefe. Bobboi ya sa kafaɗa ya tura, Dattijuwa ko motsi. Bilya ya danna oda don a san ya iso, odar ta yi wani ɗan siririn kuka ta mutu, don hayaƙi da mai sun gama da wayoyin. A can kuwa malamai suka ɗaga hannu.

Yaya Talatu ce ta fara ganewa. Ta banko ƙofa ta fito, ta manta da gwiwa, ta nufi taron tana ɗingishi, mayafi na jan ƙasa.

"Ku dakata! Sunan Baba ne! Zubairu ne! Kowa ya san Zubairu ne!"

Muryarta ba ta kai ba. An shafa fatiha, wuƙa ta hau ragon Alhaji, sanƙira ya miƙe ya buɗe maƙogwaro yadda har bakin kasuwa sai da aka ji.

"Sunan yaro Muhammadu! Ya ci sunan kakansa, Alhaji Muhammadu Hamajoɗa! Allah ya raya Hamajoɗa ƙarami!"

Sai a lokacin Bilya ya fito daga mota, kuma sai a lokacin ya ruga, babbar riga na tashi, rago mai ruwan toka na biye da shi don igiyarsa ta sarƙe a ƙafarsa. Ya iso tsakiyar tabarmi yana haki, jama'a suka dare saboda ƙauri.

"Baffa, na iso! Motar ma ta iso, ga ta can. Ɗan gyara ne kawai."

Alhaji Hamajoɗa ya dube shi daga hula har takalmi, ya dubi ragon. "Sannu da hanya," ya ce. "An gode da ka dawo mini da shanuna."

Taro ya fashe da dariya. Bilya ya nemi gefen tabarma ya zauna. A nan abin ya sauko masa: motar ubansa ta mutu a kwana, sunan ubansa ya mutu a bakinsa, duk a safiya ɗaya, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi ko ya duba gabas da yamma. Ya ji baƙin ciki na gaske, har idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne.

Da aka fito da abinci, kowa ya samu tuwo da miya. Yaya Talatu da kanta ta aiko masa da nasa kwanon, gaya, ko ɗigon miya babu, tare da saƙon cewa tasa miyar tana cikin inji, ya je ya ɗebo.

Bai gama jujjuya tuwon ba aka fito da jariri zaure don wanzami ya yi masa aski. Bobboi ya karɓo shi a cikin zane ya kawo ya ɗora wa Bilya a cinya, a gaban Alhaji da malamai da Babayo da duk wanda ya biyo shanu daga bakin gari.

"Ga ɗanka, Injiniya. Ka ce da bakinka Gashuwa za ta ji sunansa. To ga Gashuwa ta taru. Kira shi mu ji."

Bilya ya dubi yaron, kyakkyawa, mai dogon hanci irin na marigayi Alhaji Zubairu sak. Ya buɗe baki. Sai ya tuna ɗan fari ne, ba a kiran sunansa. Ya kuma tuna sunan surukinsa ne, ga surukin nan zaune yana jan carbi, kuma ko mahaukaci ba ya kama sunan uban matarsa. Ya rufe bakin. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Zaure ya yi tsit, ana jira, har aka ji kukan ragon a waje.

Babayo ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Alhaji, Allah ya saka maka da alheri," ya ce. "Shekara da shekaru Nguru na neman gaskit ɗin da zai toshe bakin nan, yau ka samo."

Dattijuwa ba ta sake barin kwanar nan ba, kajin unguwa suka mayar da kujerar bayanta wurin ƙwai. Shi kuwa Hamajoɗa ƙarami har ya yi gemu, ubansa "kai yaro" yake ce masa.